Salima da Bakinta

Kowa a unguwarmu ta Kalley yana da abin da yake sanin lokaci da shi. Wani waya, wani rediyo, wani cikinsa. Mu a gidan hayarmu, in ka cire kiran salla, addu'ar Inna Tabita ce agogonmu, kuma agogon nan bai taɓa ba ni kunya ba sai a makon auren Damaris. Har yau in na tuna makon nan sai dariya da ƙwalla su zo mini tare.

Ni ce Salima, matar Boubacar mai taksi. Koko da ƙosai nake sayarwa a ƙofar gida kowace safiya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Inna Tabita, bangon kuwa bai fi faifai kauri ba, in ta yi atishawa ni ke fara ce mata sannu. Kirista ce, mutuniyar Dogon Dutsi, mijinta ya rasu tun yara suna ƙanana, ya bar ta da ɗiya mata biyu. Babbar ita ce Rifkatu, tela, wadda in ana neman mai zafin rai a gidan nan bayan ni, to ita za a nuna. Ƙaramar ita ce Damaris, auta, malamar lakwal, wato makarantar boko, mai sanyi kamar ruwan randa.

Ga yadda abin yake. Da gari ya fara haske, mu mun idar da sallar asuba, sai Inna ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa, ta tara ɗiyanta. Su yi waƙa ɗaya, su karanta kaɗan daga Maganar Allah, sannan ta shiga sunaye. A nan ne kowa ke kasa kunne, don Inna ba ta san addu'a a ɓoye ba. Daga zaure take farawa, ta bi ƙofa-ƙofa ta hannun dama har ta zagayo ɗakinta, kuma kowane suna da abin da take liƙa masa.

"Ya Uba, ga Maman mai shayi da ƙafarsa mai ciwo. Ga Nassirou da karatunsa. Ga Boubacar da motarsa, ka tsare shi daga ƴan kabu-kabu. Ga Salima da bakinta. Ka riƙe ta, ka riƙe mata bakinta."

Ranar da na fara jin wannan ina sabuwar amarya, ban daɗe da zuwa daga Madawa ba. Ko ɗankwali ban tsaya ɗaurawa ba na fito.

Na ce, "Inna, mi bakina ya yi miki?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Bai yi mini komi ba tukuna, ɗiyata. Shi ya sa nike roƙo tun da wuri."

Daga ranar na zama tata. Ita ta koya mini hanyar Babbar Kasuwa da yadda ake tayi da Zabarmanci, ita ta riƙe hannuna ranar haihuwata ta fari. Muna azuminmu ta dafa mana abin buɗe baki, suna Kirsimetinsu Boubacar ke yanka musu kaji don kowa a gidan ya ci. Tana addininta ina nawa, amma in ta ambaci sunana can cikin raina nakan ce amin, don ban ga dalilin da zan ƙi wanda ya roƙa mini alheri ba.

A hankali gidan duka ya saba da jerin nan. In ta kai kan Maman, sai ka ji yana jan teburinsa zuwa bakin titi. In ta kai kan Boubacar, ya ɗauki makullin mota. Ni kuwa da ta ɗauki waƙa nake ɗora tukunyar koko, in juya in shiga buga ƙullun ƙosai, ina jin "Salima da bakinta" in sauke, ya nuna daidai, ba tsinkewa ba kamu. Sunan ƙarshe kullum na auta ne: "Ga Damaris, ka ba ta gida mai salama." Tun yarinyar tana yawo a tsakar gida ba wando ake roƙa mata gidan nan. Da ta girma takan rufe fuska don kunya, mu kuwa mu yi ta tsokanarta, muna tambayar ko gidan ya kai linta.

Sai ga shi a cikin zafin bara hawan jini ya buge Inna tana tsaye tana shanya. Boubacar ya kai ta asibiti a guje. Ta dawo mana da rai, alhamdu lillahi, amma ɓarin jikinta na dama ya mutu, magana kuma ta ɗauke ɗif. Idanunta suna nan ras, tana ji, tana ganewa, sai dai in ta buɗe baki ba abin da ke fita sai iska. Likita ya ce wata ƙila maganar ta dawo, wata ƙila kuma shi ke nan.

Safiyar farko bayan dawowarta na ɗora tukunya ina kuka, don na san shiru zan ji. Sai na ji ana jan tabarma. Na leƙa, ga Rifkatu da Damaris sun tallafo uwar, sun jingina ta da filo a bakin ƙofa, a wurinta na kullum. Rifkatu ta ɗauki waƙa. Allah ya ba yarinyar nan hannun ɗinki, amma murya kam bai ba ta ba, kamar ana jan kwano a kan siminti. Duk da haka ta kai waƙar ƙarshe, ta yi karatu, ta bi sunaye ƙofa-ƙofa yadda uwarta ke yi, ba ta canza ko kalma ba. Kowane suna ta faɗa, Inna ta ƙwanƙwasa tabarma da yatsan hannunta na hagu mai lafiya. Tun daga ranar ba su tsallake safiya ko ɗaya ba, da ruwan sama da ɗaukewar wutar kuran da zazzaɓin Rifkatu kanta.

To, ga kuma aure a gaba. Timoti, wani yaro mai aikin lantarki daga unguwar Harobanda, ya riga ya kawo kaya tun kafin ciwon. A al'adar su Inna, amarya ba ta fita daga gida sai ta durƙusa gaban uwarta, uwar ta ɗora mata hannu a ka, ta sa mata albarka da bakinta kowa yana ji. Damaris ta ce ita ba inda za ta sai ta ji muryar Inna. Aka ɗaga bikin sau ɗaya. Damina ta wuce, sanyi ya shigo, dangin ango suka fara ƙorafi, fasto ya zo ya zauna da ita ya lallashe ta. Da ƙyar ta yarda aka sa rana, wata Asabar, a fara zuwa meri, ofishin magajin gari, a sa hannu, daga can a wuce majami'a. Ta yarda da baki, amma kowace safiya ina ganinta, ana addu'a kowa ido rufe, ita nata a buɗe, tana kallon leɓen uwarta.

Makon bikin gidanmu ya zama kasuwa. Keken Rifkatu bai huta ba, atamfar iniform, ankon bikin, mai ruwan goro da zanen tsuntsaye ta cika igiyar shanya, kowace mace tana zuwa gwaji tana cewa a ƙara matse mata nan, a sake mata can. Baƙi suka fara sauka daga Dogon Dutsi da buhunan gero da kaji a kwando. Rago yana ɗaure a gindin robine, famfon gidanmu, yana cin duk abin da ya samu, har da igiyar zanena. Matan zumunta na majami'arsu suna zuwa da yamma su gwada waƙa da tulu da kacau-kacau, yaran unguwa su cika zaure suna rawa. Ni aka ba ragamar girki, don duk Kalley an san hannuna a shinkafa. Ina ta kai da kawowa tsakanin gida da kasuwa, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna, sai ka ce ni za a kai.

Ranar Laraba da la'asar ne bakin nan nawa ya yi aikinsa. Na tarar da Damaris a gindin robine, bokiti ya cika yana zuba, ita kuwa tana tsaye tana share hawaye. Raina ya ɓaci. Amarya guda, saura kwana kaɗan, ta rame kamar mai jinya.

Na ce, "Ke Damaris, ki bar wahal da kanki hakanan. Ga gwaggonki ta zo daga gida, ita ma uwa ce. A ce ta tsaya a madadin Inna ta sa miki albarka, ki tahi ɗakinki da farin ciki. Likita ai ya gaya muku gaskiya."

Ashe Rifkatu tana bayana da almakashi a hannu.

Ta ce, "Madadin wa? Uwarmu ta mutu ne da za a nemo mata madadi?"

Na ce, "Ni ban ce ta mutu ba. Na ce ku dubi yarinyar ga, ku bar rataya mata rai ga abin da ba shi hannunku."

Ta ce, "Ba shi hannunmu, shina hannun Wanda muke roƙo kullum. Ke mi ya shahe ki?"

Nan fa na hau. Na ce abin da ya shafe ni shi ne na yi wa Damaris wanka tun ita Rifkatu ba ta iya ɗaura zane ba. Ta ce wanka ba haihuwa ba ne. Na ce wata nawa ke nan ana abu ɗaya, sai a bar tsohuwa ta huta. Ta ce dama ta san bakina ba ya faɗin alheri. Baƙi suka fito suna ba da haƙuri, rago ya tsinke igiya ya shiga ɗakin Nassirou, aka koma bin rago, faɗan ya watse ba a sasanta ba. Har yanzu ina ganin don tausayi na yi maganar. Yadda ta fito ne dai Allah ya kyauta.

Washegari na ɗora koko da aka ɗauki waƙa, kamar kullum, na juya ina buga ƙullu. Na ji Maman da ƙafarsa. Na ji Nassirou da karatunsa. Na ji Boubacar da motarsa, har ya ɗauki makulli ya fita. Ina ta jira, ina ta bugu, sai na ji an ce "Ga Damaris", an ce amin. Kafin in gane abin da ya faru ƙauri ya cika gidan. Koko ya kama ƙurmus, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin. Rifkatu ta tsallake ni! Ta bi ƙofar kowa, ta zo tawa ta ɗaga ƙafa ta wuce.

Wallahi da zagina ta yi a tsakiyar Babbar Kasuwa da bai yi mini zafi haka ba. Na ce wa kaina, to me? Ni Musulma ce, ina da sallata, ina da addu'ata, ban rasa komai ba. Amma ina kankare tukunyar nan hawaye na ɗiga a ciki. Shekara da shekaru ana kai sunana gaban Allah kowace safiya a ƙofar nan, ban san ya zame mini abinci ba sai da aka hana ni.

Ta cikin bango na ji Inna tana bubbuga tabarma, ba da yatsa ba, da tafin hannu gaba ɗaya. Na ji Damaris tana cewa, "Inna, ruwa kike so? Filon ne ya zame?" Aka kawo ruwa ta ture. Ba wanda ya gane, ni ma a lokacin ban gane ba.

Ranar Juma'a ma haka aka yi. Wannan karon ina tsaye a kan tukunyata, ban yarda ta kama ba, amma aka sake tsallake ni, Inna ta sake dukan tabarma har ƙura ta tashi. Na aika mata kokonta a kofin silba kamar yadda na saba, aka dawo mini da shi ko kurɓa ba ta yi ba. Na ce shi ke nan, uwar ma ta bi bayan ɗiyarta. Boubacar ya dawo daga masallaci ya yanka rago, ya ce in je in ba Rifkatu haƙuri a wuce wurin. Na ce in ya ga na je, to a ɗaure aka kai ni. Girki dai na riga na ɗauka, zan yi shi don Damaris, in gama in shige ɗakina.

Asabar ta waye gidan kamar zai fashe. Tun da haske ya fito aka kafa rumfa a titi, ana ta sauke kujeru, mai kiɗa yana gwada lasifika yana cewa alo alo. Boubacar ya wanke taksinsa tas, ya ɗaura mata ribon da furannin roba har ba a ganin lamba. Mai kwalliya ta zo da akwatinta, gato, kek ɗin biki, ya iso a kan babur, mai riƙe da shi yana salati a kowane rami. Mata sai guɗa suke, wannan na neman ɗankunne, waccan na neman ɗanta. Ni ina tsakar gida da manyan tukwane a kan murhu, hayaƙi na shiga mini ido, ina ba da umarni kamar kwamandan soja. An ce a meri ba a jiran kowa, in lokacinku ya wuce sai a kira na bayanku.

Cikin wannan hayaniya na ji an ja tabarma.

Gwaggon nan ta Dogon Dutsi ta ce, "Haba Rifkatu, yau ma? Ku bari mana, ai in an je majami'a addu'a za a yi ta yi har a gaji. Lokaci na tahiya."

Rifkatu ta ce, "Gwaggo, ranar da aka kwantar da Inna asibiti a can muka yi ta. Ba yau za mu fara bari ba. Wanda ke sauri shi yi gaba."

Duk da haushinta da nake ji, sai da na ce a raina, ɗiyar uwarta ke nan. Aka fito da Inna, an sa mata iniform ɗinta sabo fil, an ɗaura mata kallabi, aka jingina ta a wurinta. Damaris ta fito cikin farar riga, kwalliya rabi, ta durƙusa a gefenta. Baƙi suka zazzauna, wasu a kan turmi, wasu a kan buhu. Da matan zumunta suka karɓi waƙar, gidan ya ɗauka gaba ɗaya, har mai lasifika ya yi shiru a waje. Ni dai na juya musu baya, ina juya miya da ƙarfi fiye da yadda take bukata.

Aka yi karatu. Rifkatu ta shiga sunaye.

"Ya Uba, ga Maman mai shayi da ƙafarsa mai ciwo."

Na ji yatsan Inna a kan tabarma, ƙwas.

"Ga Nassirou da karatunsa. Ga Boubacar da motarsa, ka tsare shi daga ƴan kabu-kabu."

Ƙwas. Ƙwas. Na bar juya miya, muciya a hannu. Rifkatu ta ɗan yi jim, na ji kamar za ta faɗa, sai ta haɗiye ta wuce.

"Ga mu nan mu kuma a wannan ɗaki..."

Inna ta daki tabarma har kofin da ke gefenta ya kife. Rifkatu ta tsaya. Sai aka ji wani sauti, kamar ana tura ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Sss... Sa..."

Muciya ta faɗi daga hannuna cikin miya. Na juyo. Bakin Inna ya karkace, jijiyar wuyanta ta tashi, gumi ya feso mata a goshi, idonta kuwa yana kaina, ni, ta tsakanin hayaƙi da kawunan mutane.

"Sa... li... ma."

Ko kajin da ke kwando sun yi tsit. Ta ja numfashi, ta ɗaga yatsa ta nuna Rifkatu, irin nunin da take yi mata tun tana yarinya in ta yi ɓarna, sannan ta ƙarasa.

"Da... bakinta."

Wayyo, gidan nan ya tashi! Guɗa ta ɓarke ta ko'ina, matan zumunta suka zube suna "Yabo ga Ubangiji!", Maman mai shayi ya shigo da gudu da ƙafar tasa mai ciwo yana kabbara, Boubacar ya jefar da tsumman goge mota yana tambayar wa ya mutu. Gwaggo tana tsalle da kallabi a hannu. Ni ban san lokacin da na tsallake murhu ba, sai ganina na yi a durƙushe gaban Inna, na rungume ƙafafunta ina kuka da majina kamar ƙaramar yarinya. Rifkatu ta faɗo a kaina, tana kuka tana cewa, "Yaya Salima, ki yahe mini, ki yahe mini." Na ce, "Ke tahi can, Allah shi yi miki albarka da kika tsallake ni!" Muka fashe da dariya muna kuka.

Damaris ce kaɗai ba ta yi ihu ba. Tana nan a durƙushe, hannayenta a haɗe. Ta matso a hankali ta ce, "Inna, ki sa mini albarka. Ko kalma guda."

Aka yi ta cewa shiii, shiii, har gidan ya lafa. Inna ta buɗe baki, ta yi ƙoƙari, ta sake ƙoƙari. Ba abin da ya fito. Ana ganin maganar a idonta, amma ta ƙi sauka kan harshe. Fuskar Damaris ta fara canzawa. A waje wani ya danna hon, yana kiran a fito lokaci ya yi.

Rifkatu ta share fuska da bakin zanenta, ta dubi uwar tata, ta ce, "Ku dakata. Ba mu gama addu'a ba. Inna, daga zaure." Ta kama hannun hagun uwar ta riƙe. "Ya Uba, ga..."

"Ma... man," in ji Inna.

"Ga..."

"Nassi... rou."

Ashe sabuwar magana ce ba ta iya haɗawa. Waɗannan kuwa da ta yi shekaru tana faɗa wa Ubangijinta kowace safiya suna nan daram, ciwo bai iya ɗauke su ba. Ta bi ƙofa-ƙofa, tana tuntuɓe tana tashi, wani sunan ta ja shi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Duk wanda aka ambata sai ya amsa da amin da ƙarfi, Musulmi da Kirista. Da ta zo kan Boubacar ta ce "kabu-kabu" sarai, gidan ya kwashe da dariya, shi kuwa ƙaton mutum ya juya fuska bango yana goge ido. Ta sake faɗin nawa, na sake rushewa da kuka. Hon ya yi ta ƙara a waje, ba wanda ya ko waiwaya. Boubacar ya leƙa ya daka wa mai hon tsawa, ya ce meri ta jira.

Ta zagayo ɗakinta. Ta ce Rifkatu. Sannan ta zare hannunta daga na Rifkatu, ta ɗaga shi da kanta, ta ɗora a kan Damaris, a kan farin mayafin nan da mai kwalliya ba ta gama maƙalawa ba.

"Ga... Damaris." Ta huta. Muka jira. "Ka ba ta... gida... mai salama."

Maganar da muka yi shekaru muna tsokanar yarinyar da ita ke nan, amma ranar ba wanda ya yi dariya. Damaris ta kifa kanta a cinyar uwarta, kwalliyar duk ta wanke, amin ɗin da aka ce kuwa na tabbata an ji shi har unguwar Zongo.

Mun makara a meri, sai da aka ɗaura na wasu kafin namu. Miyata ta kama, shinkafar ta ɗan yi ruwa, karo na farko a tarihina, kuma duk wanda ya buɗe baki zai yi magana na ce ya je ya dafa tasa. A majami'a aka zaunar da Inna a gaba cikin kujera, na zauna kusa da ita da mayafina ina yi mata fifita. Mun yi rawa a titi har ƙafafuna suka kumbura.

Inna ba ta koma kamar da ba. Har yau hira ba ta yiwuwa, in tana son abu da hannu take nunawa. Amma da gari ya fara haske za ka ji an ja tabarma, Rifkatu ta yi waƙa da karatu, sannan ta yi shiru ta bar wa mai abu abinta. Sunayen suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali ƙwarai, har Maman yakan gama jan teburinsa ya dawo ya tsaya a zaure yana saurare. Agogon namu yanzu ya rage gudu, ban kuwa nemi wani ba. Itace nake janyewa, in rage wa koko wuta, in tsaya jikin bango da ludayi a hannu, ina jira Inna ta iso ƙofata.